Waiwaye kan Mucrospirifer, ƙwanso mai fiffike da aka yi ta sauya wa suna

Kimanin shekara miliyan 385 da suka wuce, a zamanin da masana duwatsu ke kira Devonian, wani teku marar zurfi ya lulluɓe yankunan da a yau suke jihohin New York da Ohio da Michigan a Amurka, da kuma Ontario a Kanada. A cikin laka ta ƙasan tekun ne wata ƙaramar halitta mai ƙwanso biyu ta rayu, wadda burbushinta ya daskare cikin dutse, masu tsintarsa kuma suke kamanta shi da malam-buɗe-littafi.

Kamancen bai zo a banza ba. Layin da ƙwanson biyu suke haɗewa miƙe yake sambal, ya zarce dama da hagu har ya ƙare da tsini kamar fiffike. Tsakiyar ƙwanso ɗaya ta yi tudu, ta ɗayan kuma ta yi kwari daidai da shi, sannan siraran zane-zane suna sauka daga baya zuwa baki. A ciki akwai wani tsari mai murɗe kamar naɗin igiya, wanda yake riƙe gaɓar da halittar ke tace abinci da ita daga ruwa, kuma a nan ne ainihin bambancinta da makankari yake, duk da cewa an daɗe ana lissafa danginta, wato Brachiopoda, tare da su.

Masanin burbushin halittu Timothy Conrad ne ya fara bayyana ta a shekarar 1841, ya sanya ta cikin jinsin Delthyris. Daga baya marubuta suka mayar da ita cikin Spirifer, sunan da ya zama tamkar rumbun da ake zuba duk ƙwanso mai irin wannan murɗin. A shekarar 1931 Amadeus Grabau ya ware mata jinsi na kanta, Mucrospirifer, yana ɗauko sunan daga kalmar Latin mai nufin tsini, kuma a ganina hukuncinsa ya dace, domin tsinin shi ne abin da ido ke fara kamawa.

Babban rabe-raben dangin ma ya sauya. Tsohon tsari ya raba su gida biyu, masu haƙoran mahaɗi da marasa su, amma a 1996 Alwyn Williams da abokan aikinsa suka kawo rukunai uku, inda wannan halitta, mai cikakken suna Mucrospirifer mucronatus, ta faɗa cikin Rhynchonelliformea, a reshensa da ake kira Spiriferida.