Waiwaye: Ranar da 'yan gudun Amurka suka karɓi kuɗi a bainar jama'a

Tun da hukumar guje-guje ta duniya ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa duk wanda ya ci zinare a fanninta a Olympics na Paris zai tafi gida da dala 50,000, cece-kuce bai lafa ba. Wasu na cewa an zubar da darajar gasar, wasu na cewa gumin ɗan wasa ne aka ba shi. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Jim Thorpe, ɗan wasan Amurka, ya rasa lambobin zinarensa na Olympics a 1913 saboda ya taɓa karɓar 'yan canji a wasan baseball. Steve Prefontaine, shahararren ɗan gudun Amurka, ya yi ta kukan cewa ɗan gudu ba ya iya ciyar da kansa da gudunsa, har ya rasu a hatsarin mota a 1975 yana da shekara 24.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na Greg Meyer, ɗan gudu daga Grand Rapids a jihar Michigan, wanda aka haifa a 1955. A zamaninsa dokar "wasa don sha'awa", wadda ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi, tana nan daram a takarda, amma kuɗi na yawo ta bayan fage. Shahararren ɗan gudu a kan sunna masa ambulan don kawai ya halarci tsere. Wanda bai yi suna ba kuwa, ko da ya tsere wa kowa, kofi ne rabonsa. A ganina nan matsalar take: dokar ba ta hana kuɗi ba, ɓoye shi kawai ta yi, kuma ɓoyon ya fi cutar da ƙanana.

Ranar 28 ga Yunin 1981, a birnin Portland na jihar Oregon, aka yi tseren kilomita 15 mai suna Cascade Run Off. 'Yan gudun titi sun riga sun kafa ƙungiyarsu, suka kuma yi shawarar karɓar kyautar kuɗi ido na ganin ido. An ware dala 50,000. Kowannensu ya san abin da ya taka: mai karɓa zai iya rasa damar wakiltar ƙasarsa, har da Olympics na 1984 da za a yi a gida, a Los Angeles. Meyer ya zo na ɗaya a maza, Anne Audain ta New Zealand a mata, kowa ya karɓi dala 10,000 a gaban jama'a. Dakatarwa ta biyo baya, sai dai ba ta yi nisa ba. Zuwa 1982 an samo mafita: a riƙa zuba kuɗin ɗan wasa a asusun amana, yana cira don horo da hidimar yau da kullum. Wayo ne dai irin na a rufa wa juna asiri, amma ƙofar da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba.

Meyer ya ci gudun fanfalaƙi na Chicago a 1982, ya ci na Boston a 1983 cikin awa 2 da minti 9. Bayan shi babu namiji Ba'amurke da ya sake cin Boston sai Meb Keflezighi a 2014. A nasararsa ta Boston a 1983, kambun ganye da lamba Meyer ya samu, domin sai 1986 tseren ya fara biyan kyautar kuɗi, shekarar da Rob de Castella na Ostireliya ya lashe shi.