Fina-finan kasada da labaran jarumta a zangunan Accra

Fim ɗin kasada shi ne wanda aka ɗora labarinsa a kan tafiya mai haɗari, ko neman ɓoyayyiyar dukiya, ko ceto wanda aka sace, jarumi yana ta faɗawa tarko yana kuɓuta har ya cimma burinsa. Idan babu batsa a ciki, kuma ba a cika zubar da jini ba, akan ce fim ne na iyali, wanda uba zai zauna ya kalla da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A unguwannin masu jin Hausa na Accra, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, wannan nishaɗi ya fi shigowa ta ido da kunne. Rabon littafin Hausa a ciki kaɗan ne.

Asali

Tun kafin majigi, mutanen zango suna da labaran kasadarsu. Kakanninsu fataken goro ne, kuma da yawa sun gangaro kudu bayan yaƙin basasar 1892 a garin Salaga da ke arewacin Ghana. Hirar tsofaffi cike take da ayari da madugu, 'yan fashi a hanya, da ƙetare kogi da jakuna. Da dare kuma yara su saurari tatsuniyar Gizo, wanda maƙwabtansu 'yan ƙabilar Akan ke da takwaransa Ananse.

Zamanin silima

Daga wajen shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970 ne gidajen silima suka ci kasuwarsu a Accra. Akwai Rex, Roxy, Opera, Globe, da Orion a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, sai kuma Dunia da ke cikin Nima, wadda ita ce ta mutanen zango. 'Yan kasuwar Labanan, musamman gidan Captan, da Indiyawa irin gidan Nankani, su ne suka yi fice wajen mallakar silimu da shigo da fina-finai. Da yawan gidajen ba su da rufi, don haka sai duhu ya yi ake haska fim, ruwan sama kuma yakan tashi taro.

Da fari fina-finan kaboyi na Amurka da na Tarzan ne ke jan samari. Fina-finan Indiya kuwa sun samu gindin zama a zango fiye da sauran unguwanni, saboda suturar 'yan wasan da kunyarsu da girmama iyaye sun yi kusa da tarbiyyar gidan Musulmi. Ga dawakai, ga takubba, ga waƙa. Bayan fitowar Enter the Dragon na Bruce Lee a 1973, fina-finan kunfu na Hong Kong suka mamaye ko'ina, yara na ta gwada tsalle da shuri a lungu.

'Yan kallon Ghana suna da nasu sunayen. Jarumi shi ne buloman, mugu kuma kila, abin da Hausawan Najeriya ke kira akta da bos. Ba a kallon shiru: idan buloman ya tashi bayan an yi zaton ya mutu, tafi da fito kan cika wurin. Yaron da ya samu kuɗin shiga, washegari shi ke maimaita wa abokansa fim ɗin tiryan-tiryan, har da ƙarar naushi da bakinsa, kuma sau da yawa labarinsa ya fi fim ɗin tsawo.

Bidiyo da zanen buhun fulawa

Dokar hana fitar dare da gwamnatin soja ta PNDC ta sa a farkon shekarun 1980, tare da taɓarɓarewar tattalin arziki, sun karya kasuwar silima. Daga baya gidaje da dama suka koma majami'u. Sai ɗakunan kallon bidiyo suka maye gurbi: talabijin ɗaya, na'urar kaset, bencina, da janareto. Don tallata fim, masu zane kan haɗa buhunan fulawa su ɗinke, su zana hoton da fenti, su ƙara wa jarumi damatsa da makamai har fiye da abin da ke cikin fim ɗin. Waɗannan zane-zane yanzu ana baje su a gidajen nune-nune na Turai da Amurka. A wannan zamanin ne aka fara fina-finan bidiyo na gida, kuma akan ambaci Zinabu na William Akuffo, na 1987, cikin na farko-farko.

Littattafai

Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ke koyarwa a makarantu, ko da yake gidan rediyon ƙasa na watsa shirye-shirye da ita. Shi ya sa Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, ba su zama karatun yaran zango ba yadda suka zama a arewacin Najeriya. 'Yan boko sun fi karanta na Turanci, kamar King Solomon's Mines na 1885, da jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977. Akwai kuma mujallar hotuna mai labarin jarumi Lance Spearman, wadda ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960.

Saɓani

Wasu malamai na ganin kallo ɓata lokaci ne mai shagaltar da yara daga makarantar allo. Wasu kuma sun halatta wanda ba shi da alfasha.

A yau

Yawancin kallo ya koma talabijin da waya. Fina-finan Kannywood da na Indiya da aka fassara da Hausa a Kano suna isa zango ta YouTube da katin memori, masu hali kuma kan kai yaransu silimar Silverbird da ke Accra Mall lokacin hutun Sallah.