Rijiya da gangara a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa

Idan ma'adini ya yi zurfin da ba za a iya yaye ƙasar da ke kansa ba, hanya biyu aka fi bi a kai gare shi. Ɗaya rijiya ce da ake haƙawa tsaye, injin ja ya riƙa sauke ma'aikata yana fito da dutse. Ɗayar kuwa gangara ce, wato rami mai sauka a hankali yana zagayawa, wanda mota ke shiga da kanta.

Zurfi ne ke raba gardama. Gangara kan sauka mita 1 a duk tafiyar mita 7, don haka ma'adinin da ke mita 300 ƙasa sai an haƙa hanyar da ta haura kilomita 2 kafin a taɓa shi. Duk ƙarin zurfi, tipa na ƙara daɗewa a hanya, tana shan gas, hayaƙinta kuma sai manyan fankoki sun fitar da shi. Amma da gangara ana fara ɗibar na sama-sama tun aiki bai yi nisa ba, abin da aka sayar ya riƙe sauran aikin. Rijiyar kamfani kan ci shekaru da kuɗi masu yawa kafin a fito da ko buhu ɗaya, sai dai in ta kammala, fitar da kaya ta cikinta ya fi araha. Shi ya sa mahaƙar zinare ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, da rijiyoyi take aiki, yayin da mahaƙu da dama a Ostareliya suka fi son gangara.

A ƙauye lissafin juyawa yake. Wajen Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa a Kano, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ga mai haƙa da hannu rijiya ce mai sauƙi: diga, shebur, igiya da bokiti. Wa zai haƙa hanyar mota alhali ba shi da mota? Haɗarin kuwa yana nan, musamman da damina, lokacin da ruwa ke jiƙa bakin ramin har ya rufta, ga ƙarancin iska can ƙasa.

Ko wacce aka zaɓa, ƙa'idar aikin ita ce a samar da mafita ta biyu. Manyan mahaƙu da yawa ma haɗa su suke yi: gangara ta shigar da injuna, rijiya ta ɗauki iska ko dutse.