Dubai da daɗaɗɗun mazaunanta

Dubai birni ne a gaɓar Tekun Fasha, kuma shi ne babban birnin masarautar da ke da wannan suna, ɗaya daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ƙidayar 1968 ta sami mutum kusan dubu 59 a masarautar. A 1975 sun kai dubu 183, a 2005 sun haura miliyan 1.3, a ƙarshen 2024 kuma sun zarce miliyan 3.8. Ke nan ɗan garin da aka haifa a shekarar ƙidayar farko ya ga jama'ar garinsu ta ninka fiye da sau sittin tun bai cika shekara sittin a duniya ba.

Daɗaɗɗun mazaunan Dubai kashi biyu ne, kuma sauyin bai same su iri ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda yau suka zama 'yan tsiraru a garin kakanninsu, da ƙyar suke kai kashi ɗaya cikin goma. Akwai kuma baƙin da suka zo tun shekarun 1960 da 1970 daga Indiya, Pakistan, Iran, Falasɗinu, Labanan, Masar, Sudan da Birtaniya, suka hayayyafa har da jikoki, amma a takarda har gobe baƙi ne.

Garin bakin Khor

Asalin Dubai shi ne Khor, wani mashigin ruwan teku mai tsawon kimanin kilomita 14 da ya kutsa cikin tudu ya raba garin biyu: Deira a wannan gaɓa, Bur Dubai da Shindagha a waccan. A 1833 Maktoum bin Butti ya jagoranci wani reshe na ƙabilar Bani Yas daga Abu Dabi ya zauna a nan, zuriyarsa ce ke sarauta har yau. A farkon ƙarni na 20 sarkin garin ya ɗauke wa fatake haraji, sai 'yan kasuwar Linga da Bastak na kudancin Iran suka tsallako. Su ne suka gina unguwar Bastakiya da gidajenta masu barjil, wato hasumiyar da ake ɗorawa a kan rufi a buɗe ta fuska huɗu, ta kamo iska ta tura cikin ɗaki. Talaka kuwa gidansa arish ne, na zarbar dabino.

Arzikin wancan zamani lu'ulu'u ne da masu nutso ke tsamowa daga ƙasan teku. Sana'ar ta mutu a shekarun 1930, bayan Japan ta gano yadda ake kiwon lu'ulu'u kuma kasuwar duniya ta karye. Yunwar da ta biyo baya tana cikin abin da dattawan garin suka ji daga bakin iyayensu.

Sheikh Rashid bin Sa'id ya hau sarauta a 1958. Da rancen da ya samo daga Kuwait ya sa aka yashe Khor don manyan jirage su shigo. An buɗe filin jirgin sama a 1960, gadar Maktoum a 1963. Sai a 1966 aka sami man fetur a rijiyar Fateh, aka fara fitar da shi a 1969. Man bai taɓa yin yawan na Abu Dabi ba, shi ya sa aka zuba kuɗinsa a tashoshin ruwa: ta Rashid a 1972, ta Jabal Ali a 1979. Har zuwa 1966 rupi na Indiya ne kuɗin da ake kashewa a kasuwa, wanda ke nuna yadda garin ya fi fuskantar Bombay fiye da Alƙahira. Dirhami bai zo ba sai 1973.

Unguwanni da alamun hanya

Wanda ya san Dubai ta 1980 ya san gari ne da ya ƙare a daidai benen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya mai hawa 39, wanda aka buɗe a 1979. Mutane sun yi ta mamakin yadda sarki zai kai gini irin wannan can bayan gari cikin yashi. Daga nan sai titin Abu Dabi da raƙuma. Wannan titin ne yau ake kira Sheikh Zayed, kuma benen ya zama ƙaramin ƙane a tsakanin maƙwabtansa.

Tsakiyar gari ta yi ta gudu kudu maso yamma, tana bin gaɓar teku. Burj Al Arab a 1999, tsibirin Palm Jumeirah da aka fara cikewa a 2001, Burj Khalifa mai tsawon mita 828 a Janairun 2010. Mafi yawan waɗanda suka zo bayan 2005 suna iya shekara ba su taka Deira ba.

'Yan ƙasa su ne suka fara barin bakin Khor. Gwamnati ta ba su filaye da gidaje a Rashidiya, Mizhar, Warƙa, Barsha da Khawanij, suka koma manyan gidaje masu katanga. Jin daɗi ya ƙaru, babu ja. Abin da ya tafi shi ne farij, tsohuwar unguwa mai lungu inda ƙofa ke kallon ƙofa, yara su ci abinci a duk gidan da azahar ta riske su. Tsofaffin gidajen suka zama rumbunan ajiya da makwancin leburori. An rushe babban ɓangare na Bastakiya a shekarun 1980, abin da ya rage aka gyara, aka sa masa suna Al Fahidi. Yau akwai gidajen shayi da na zane-zane a ciki, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, sai dai unguwa ce da kusan ba mai kwana a cikinta.

Baƙin da suka daɗe kuma nasu garin shi ne Karama, Satwa, Bur Dubai da Deira: benaye masu hawa uku ko huɗu, tela a ƙasa, mai wanki da guga a gefe, kantin ɗan jihar Kerala ta Indiya da ke aiko yaro da madara a keke ya rubuta bashi a littafi. Makarantar Indiyawa ta farko ta buɗe a 1961, cocin Katolika na Saint Mary a 1967, wurin bautar Hindu na Bur Dubai tun 1958. Waɗannan unguwanni suna nan, amma ana ta gutsure su. An rushe wani yanki na Satwa a wajejen 2008. A 2017 aka rufe tsohuwar kasuwar kifi ta Deira aka mayar da ita sabon gini mai na'urar sanyaya wuri, a shekarar kuma aka rufe gidan namun daji na Jumeira da ke nan tun 1967. A farkon 2024 aka ɗauke ɗaya daga wuraren bautar Hindu na Bur Dubai zuwa Jabal Ali, tafiyar kilomita talatin da wani abu.

Wannan ya fi ciwo a Dubai fiye da wani wuri, saboda gari ne da aka daɗe ana kwatance da gini, ba da sunan titi ba. Wasiƙa ta akwatin gidan waya take zuwa. Direban tasi kuwa sai a ce masa bayan sinima kaza, ko gaban shataletale kaza, sannan “sida”, kalmar Hindi da ta shige bakin kowa, wato miƙe. Har yanzu tsofaffin hannu suna kwatance da shataletalen da aka mayar gadar sama da otal ɗin da aka rushe. Akwai wani tsohon bene na shekarun 1970 a titin Sheikh Zayed da kowa ke kira benen Toyota saboda allon talla da ke kansa. Da aka cire allon a 2018 mutane suka yi ta jimami kamar an yi rashi, da aka mayar da shi a 2022 sai da jaridu suka ba da labari.

Abu ɗaya da ya ƙi canzawa shi ne abra, kwale-kwalen katako mai inji da ke tsallakar da mutane Khor. Fasinja kusan ashirin ke zama baya da baya a kan benci, matuƙi ya bi su yana karɓar dirhami ɗaya.

Haya da tsadar zama

A 2002 aka ba baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni. Daga nan gida ya tashi daga wurin kwana ya zama haja. Haya ta yi tashin gwauron zabi har gwamnati ta ƙayyade ƙarin da za a iya yi a shekara, kashi 15 cikin ɗari da farko, sannan 7 a 2007, sannan 5 a 2008. Sai kasuwa ta faɗi. A Nuwamban 2009 kamfanin gwamnati Dubai World ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan bashi, a Disamba Abu Dabi ta kawo ɗaukin dala biliyan 10, farashin gidaje ya zube da kusan rabi. Bayan annobar korona ya sake hawa, ya wuce inda ya taɓa kaiwa.

Hayar Dubai ta shekara ce, ana biya da cak ɗaya zuwa huɗu da aka rubuta wa kwanan wata na gaba. Doka ta ce mai gida ya ba da sanarwar kwana 90 kafin ƙari, da ta wata 12 idan zai tashi ɗan haya don ya sayar ko ya shiga da kansa. Ƙarin kuma yana bin ma'aunin hukuma, bai wuce kashi 20. Wannan yana kare wanda ya daɗe a gida ɗaya, amma ranar da ya fita sai ya tarar da farashin yau. Iyalai da yawa sun koma Sharja da Ajman, suna shan cunkoson titin Ittihad safe da yamma.

Ba a cire harajin albashi, wannan gaskiya ne. Kuɗin dai yana fita ta wasu ƙofofi. Akwai kashi 5 na haya da ake haɗawa da takardar wuta da ruwa. Akwai Salik, kuɗin bin manyan tituna da aka fara a 2007 kan dirhami 4, wanda ya koma 6 a lokacin cunkoso daga 2025. An saki farashin mai a 2015, harajin saye na kashi 5 ya zo a 2018. Ɗan baƙo kuma kusan dole makarantar kuɗi zai yi. A ɗaya hannun, jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe ranar 9 ga Satumba 2009 ya sauƙaƙa wa marasa mota ƙwarai.

Igama

Nan ne gizo ke saƙar. Haihuwa a Dubai ba ta ba da ɗan ƙasanci, daɗewa ma ba ta bayarwa. Zaman baƙo yana rataye da igama, wato takardar izinin zama, igama kuma da kafili, wanda yawanci shi ne mai ba shi aiki. Aiki ya ƙare, an daɗe ana ba mutum kwana 30 ya sami wani ko ya tattara. Babu fansho, sai kuɗin sallama: albashin kwana 21 kan kowace shekara a biyar na farko, na kwana 30 a kan sauran. Mutum zai yi shekara arba'in a Karama, ya tsufa, ya koma wani ƙauye a Kerala inda ba wanda ya san shi sai a hoto. 'Ya'yansa da aka haifa a Dubai kuwa, a da namiji yana cika 18 yake fita daga igamar uba.

An sassauta a 'yan shekarun nan. A 2019 aka fito da biza ta zinare mai shekara 10 wadda ba ta buƙatar kafili, ga masu zuba jari, likitoci, masana da haziƙan ɗalibai. Mai gidan da ya kai dirhami miliyan 2 ma yana samu. A 2022 Dubai ta ba limamai da ladanan da suka yi shekara 20 suna hidima. Akwai bizar ritaya ta shekara 5 ga wanda ya haura 55 kuma yake da abin hannu. An ɗaga shekarun ɗa namiji zuwa 25. Tun 2021 baƙo yana iya mallakar kamfani shi kaɗai a yawancin sana'o'i, ba sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 ba. An kuma buɗe ƙofar ɗan ƙasanci a 2021, sai dai ba nema ake yi ba, hukuma ce ke zaɓa. Duk waɗannan sun fi duban dukiya da ƙwarewa. Tela ko direban da ya zo a 1978 bai cika samun kansa a ciki ba.

Mako da harshe

Tsohon mazauni ya ga hutun mako iri uku: Alhamis da Juma'a, sannan Juma'a da Asabar daga 2006, sannan Asabar da Lahadi daga Janairun 2022, inda Juma'a ta zama rabin ranar aiki ga ma'aikatan gwamnati da makarantu. Ga gidajen da suka saba haɗuwa cin abincin rana bayan masallaci, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A ƙarshen 2020 kuma an sassauta dokokin giya da na zaman mace da namiji ba aure, daga 2021 kuma a Ramadan gidajen abinci sun daina sa labule da rana.

Larabci ne harshen hukuma, amma Turanci ke tafiyar da kanti da asibiti da ofis, sai Hindi, Urdu, Malayalam da Tagalog. Dattijon ɗan ƙasa na zamanin fatauci yakan ji Farisanci da Urdu. Jikansa da ya yi makarantar kuɗi wani lokaci Turancinsa ya fi Larabcinsa ƙwari, abin da ya sa hukumar ilimi ta Dubai ta tilasta koyar da Larabci ga ƙananan yara a makarantu masu zaman kansu.

Fataken Afirka ta Yamma

Deira ita ce Dubai da 'yan kasuwar Kano suka sani: layukan Naif, kasuwar Murshid, kasuwar gwal, da kamfanonin kago masu auna kaya da kilo. Daga nan abaya, turare, gwal da wayoyi suke zuwa, har “ɗan Dubai” ya zama kirarin kaya mai kyau. Da yawa daga masu saro kaya sun zarce Guangzhou ta ƙasar Sin da suka gane daga can kayan ke fitowa. A Oktoban 2022 aka dakatar da ba 'yan Najeriya biza, jirgin kamfanin Emirates ma ya daina zuwa Najeriya. An dawo da bizar a Yulin 2024, jirgin ya koma sauka Legas ranar 1 ga Oktoba.

Abin da ke tafe

Ranar 16 ga Afrilun 2024 aka yi ruwan saman da ƙasar ba ta ga irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949. Tituna da filin jirgi suka zama tafki, wata biyu bayan haka aka sanar da aikin magudanun ruwa na dirhami biliyan 30. Tsarin birni na 2040 yana hasashen mutum miliyan 5.8. A Afrilun 2024 ɗin dai aka bayyana cewa za a kwashe duk harkar filin jirgin sama na yanzu, wanda ya ɗauki fasinja sama da miliyan 92 a shekarar, a mayar sabon filin Al Maktoum da ke kusa da Jabal Ali. Tsohon filin yana manne da Deira da Garhud da Rashidiya tun 1960, kuma otal-otal da kamfanonin kago na wannan gefen da shi suke ci.