Malaman nazarin laifuka ba tsofaffin 'yan sanda ba ne duka

Mutane da yawa sun ɗauka duk mai koyar da nazarin laifuka a jami'a tsohon ɗan sanda ne ko lauya. Zaton yana da asali: August Vollmer, shugaban 'yan sandan Berkeley a Amurka, shi ya fara shirya wa jami'ansa darussa a Jami'ar California a 1916.

Amma manyan da suka gina fannin daga wasu wurare suka fito. Cesare Lombroso na Italiya likita ne. Edwin Sutherland kuwa masanin zamantakewa ne, bai taɓa sa kaki ba, kuma a 1939 ya ja hankalin masana kan laifukan masu riƙe da manyan muƙamai a kamfanoni, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a caji ofis ba. A Najeriya ma, Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ta ƙofar ilimin zamantakewa ya shigo.

Shi ya sa ɗalibin da ya zo koyon kama ɓarawo yakan tarar da darasin ƙididdiga, da talauci, da cunkoson gidajen yari. Koyar da fareti da harbi aikin kwalejin 'yan sanda ne.