Ma'anar "tasirin taro": abin da ya raba Tumblr da Posterous

Tasirin taro (network effect a Turance) kalma ce da masu nazarin kasuwancin intanet ke yawan amfani da ita. Ma'anarta ita ce wani abu ya riƙa ƙara amfani ga kowane mai shi gwargwadon yadda masu amfani da shi ke ƙaruwa. Cokali ba ya cikin wannan rukuni, domin ko kai kaɗai ke da shi a duniya zai kai maka abinci baki. Wayar tarho kuwa, idan kai kaɗai ke da ita, wa za ka kira? Wayoyi 2 hanyar magana ɗaya ce tsakaninsu, wayoyi 5 hanyoyi 10, wayoyi 12 kuma hanyoyi 66. Duk wanda ya shigo ya ƙara wa na ciki daraja ba tare da ya nufi hakan ba.

Labarin wasu dandamali biyu na rubutu a Amurka ya fi komai fito da ma'anar fili a wurina. David Karp ya buɗe Tumblr a birnin New York a 2007, yana ɗan shekara 20. A 2008 sai Sachin Agarwal da Garry Tan suka kafa Posterous a San Francisco. Dukansu biyu abu ɗaya suka yi wa mutane alkawari: wallafa rubutu da hoto ba tare da wahala ba.

A fannin sauƙi, Posterous ya burge ƙwarai. Ba sai ka yi rajista ba ma. Ka rubuta imel, ka liƙa hoto ko bidiyo, ka aika, shafinka ya samu. Yana kuma iya tura abin da ka wallafa zuwa Twitter da Facebook a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa shan wahalar gina shafi a wancan zamani ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ina ganin waɗanda suka ƙirƙire shi sun cancanci yabo.

Sai dai bayan ka wallafa, wa zai karanta? Nan ne Tumblr ya sha gaban abokin hamayyarsa. Idan ka shiga, abin da kake fara gani shi ne rubuce-rubucen mutanen da kake bi, a jere, sabo a sama. Akwai kuma maɓallin sake wallafawa: ka ga abin da ya burge ka, ka danna, ya bayyana a shafinka da sunan mai shi, mabiyanka su gani, wasunsu su sake yaɗa shi. Hoto guda na iya zaga dubban shafuka cikin yini ɗaya. Wanda ba shi da abin rubutawa ma yana da dalilin dawowa kullum, ya zo kallo. Masu kallo suka jawo masu zane da masu ɗaukar hoto, su kuma suka jawo ƙarin masu kallo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abin ya yi kama da kasuwa. Ana iya gina sabuwa mai rumfuna masu faɗi da wurin ajiye mota, amma ɗan kasuwa ya ƙi barin tsohuwar mai cunkoso, saboda a can masu saye suke. Masu saye kuma suna can saboda a can kaya yake. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara tashi. A 2010 Posterous ya yi ta kiran mutane su kwaso tsofaffin rubuce-rubucensu daga wasu dandamali su dawo wurinsa, ya ma samar musu da hanyar yin hakan cikin sauƙi. Rubutu dai ana iya kwashe shi, amma mabiya ba sa shiga cikin kayan ƙaura.

Twitter ya sayi Posterous a watan Maris na 2012, aka rufe Posterous ɗin a ƙarshen Afrilun 2013. A wannan shekarar ce Yahoo ya sayi Tumblr a kan dala biliyan 1.1.

Akwai ɓangaren ma'anar da ake yawan mantawa da shi, wato tasirin taro yana aiki ta baya ma. Yadda kowane mai shigowa ke ƙara wa wuri daraja, haka kowane mai fita ke rage ta, kuma fitar wani na sa wani fita. Tumblr ya ɗanɗana wannan. Matasa sun karkata zuwa Instagram da Snapchat, sannan a Disambar 2018 Tumblr ya hana hotunan batsa, abin da ya sa masu ziyara suka ragu sosai. A 2019 Automattic, kamfanin da ke tafiyar da WordPress.com, ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba.