Ma'anar "perseverance": kalmar da ta taso daga tsanani har ta kai duniyar Mars

A daren 18 ga Fabrairu 2021 wata na'ura mai taya shida, girmanta kamar na ƙaramar mota, nauyinta ya ɗan haura tan guda, ta sauka a wani kwari da ake kira Jezero a duniyar Mars. Hukumar NASA ta Amurka ce ta harba ta tun ranar 30 ga Yuli 2020, kuma sunanta Perseverance. Gasa aka shirya wa 'yan makaranta don raɗa mata suna, yara wajen 28,000 suka shiga, wani ɗan shekara 13 daga jihar Virginia mai suna Alexander Mather ya yi nasara. Da labarin saukar ya bazu, sai jama'a suka yi ca a kan ƙamus suna neman sanin abin da sunan yake nufi. Masu ƙamus na Cambridge sun ce an duba kalmar fiye da sau 243,000 a wannan shekarar, har suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2021.

In ka tare ɗalibin sakandare ka tambaye shi fassararta, da wuya bai ce maka "haƙuri" ba, in ya yi zurfi ya ce "juriya". Bai yi ƙarya ba, amma bai kai ga gaɓar ba. Mai haƙuri yana iya zama wuri ɗaya yana jiran lokaci ya kawo masa sauƙi. Mai juriya kuwa an ɗora masa kaya ne yana dauriya. Ita wannan kalmar ta Turanci sai da tafiya take tabbata: akwai abin da mutum ya sa a gaba, akwai cikas da ke tare shi, ya faɗi ya tashi, ya ci gaba. Shi ya sa a wajena "dagewa" da "jajircewa" suka fi kusa da ita. Manomin da ruwa ya ɗauke bayan ya yi shuka, iri ya ƙone a ƙasa, ya je ya ranto wani ya sake shukawa, wannan ya ƙone ya sake na uku, shi ne hoton kalmar. Maƙwabcinsa da ya zauna a gindin bishiya yana cewa komai lokaci ne, shi ma yana da nasa ladan, amma wata kalmar ce ta dace da shi.

Asalin kalmar Latin ne, harshen Rumawan da. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko "per", wadda a nan take ƙara wa magana ƙarfi, kamar yadda muke cewa "ƙwarai" ko "matuƙa". Ta biyu "severus", wato mai tsanani, marar wasa, wanda ba ya sassauci. Daga nan aka samu aikatau "perseverare", tsayawa a kan abu ba sassautawa, da suna "perseverantia". Wanda ya san Turanci zai gane cewa daga tushen nan ne kalmar "severe" ta fito, wadda likita yake faɗa in ciwo ya yi tsanani, alƙali kuma in hukunci ya yi tsauri. To kun ga, a cikin cikin kalmar da ake rubutawa a katin taya murna da allon makaranta, tsanani ne a kwance. Bambancin kawai, tsananin nan mutum kansa yake yi wa, ba wani ba. Shi ne wanda ransa ya ce masa ya isa haka, ya ce bai isa ba.

Rumawa har suna suke sa wa 'ya'yansu da wannan siffa. Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, ɗan Afirka ne, haifaffen Leptis Magna a ƙasar Libiya ta yau, kuma a garin York na Ingila ya mutu yana kan yaƙi. Sai dai ba shi ya kai wa Ingilishi kalmar ba. Ta bi doguwar hanya ne ta Faransa. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Ingilishi kamar yadda na Larabci suka shigo Hausa ta hanyar karatu da shari'a. A ƙarni na 14 ne "perseverance" ta fara bayyana a rubutun Ingilishi. Kafin zuwanta Turawan Ingila suna da tasu ta gado, "steadfast", wadda ta haɗa kalmar wuri da kalmar kafuwa, kusan daidai da "tsayin daka" namu. Har yau ana amfani da su biyun, amma ta gadon ta fi tafiya da amana da riƙon alkawari, baƙuwar kuma da aiki mai wuya da ɗaukar lokaci. Ko lafazin ma ya sauya: a zamanin Shakespeare a gaɓa ta biyu ake danna murya, sai a cikin ƙarni na 17 nauyin ya koma gaɓa ta uku, inda yake a yau.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne cewa ta daɗe tana zaune a majami'a kafin ta fito kasuwa. Augustine, babban malamin Kirista da ya yi limanci a garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yanzu, ya rubuta littafi guda a kanta gab da rasuwarsa a 430. Hujjarsa ita ce, dorewa a kan imani har ƙarshen rai baiwa ce daga Allah, ba ƙoƙarin mutum ba, kuma muddin mutum yana numfashi babu mai iya cewa tabbas an ba shi, don ba a san yadda zai cika ba. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon zance ba. Kullum a wurin ta'aziyya muna cewa Allah ya sa mu cika da imani, Allah ya ba mu kyakkyawan ƙarshe, kuma babu mai faɗar haka yana bugun ƙirji. Daga baya mabiya John Calvin, wani malamin Kirista na ƙarni na 16, suka ƙara wa zancen ƙarfi. A taron malamai da aka yi a garin Dordrecht na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, don mayar da martani ga almajiran Jacobus Arminius, malamin da ya saɓa wa koyarwar Calvin, an tsayar da cewa wanda Allah ya zaɓa ba zai taɓa faɗuwa faɗuwar ƙarshe ba. Wannan ne batu na biyar a matsayar taron, kuma har gobe a majami'un da ke bin wannan tafarki in an ambaci kalmar, nan hankali yake fara zuwa.

To ina aka yi ta zama kalmar da ake yi wa yaro huɗuba da ita a kan jarrabawa? Zamanin masana'antu ne ya juya ta. A Birtaniyar ƙarni na 19, lokacin injin tururi da layin dogo, an so a nuna wa talaka cewa da guminsa zai iya zama wani abu. Samuel Smiles, wani marubuci ɗan Scotland, ya fitar da littafinsa na koyar da dogaro da kai a 1859, cike da labaran maƙera da masaƙa da injiniyoyi da suka tashi daga babu, kuma dagewa ce jigon kusan kowane labari. Abin da ake roƙo a wurin Allah ya koma abin da ake nema a jikin mutum, in bai samu ba laifinsa ne. A wannan zamanin ne kuma aka yayata tatsuniyar sarkin Scotland, Robert the Bruce, wanda aka ce ya ɓuya bayan an fatattake shi, yana kallon gizo-gizo yana ƙoƙarin maƙala zarensa yana faɗowa, har a ƙarshe ya maƙala, shi kuma sarkin ya ɗauki darasi ya koma fagen fama. Nasararsa a Bannockburn a 1314 tarihi ce tabbatacciya, zancen gizo-gizon kuwa ƙari ne na masu ba da labari. Ni dai dariya yake ba ni: Gizon da muka sani da wayo da gudun wahala, a can shi ne malamin jajircewa.

Akwai wani abin dariyar da ya fi wannan, kuma shi ya faru da gaske. A watan Oktoba 1829 aka yi gasar kawunan jirgin ƙasa a Rainhill ta Ingila, don zaɓar wanda zai yi aiki a sabon layin Liverpool zuwa Manchester. Ɗaya daga cikin injinan, na wani Timothy Burstall, sunansa Perseverance. Tun a hanyar kawo shi ya lalace, mai shi ya kwashe kwanaki yana ta gyara yayin da sauran suke gudu a gaban 'yan kallo. Da ya samu ya tashe shi, bai wuce gudun mil 6 a sa'a ba, alhali mil 10 ake nema. Aka ba shi fam 25 na rarrashi, injin Rocket na su Stephenson ya lashe gasar. Suna dai linzami ne, in ji mutanenmu, amma ranar bai ja ba.

Wannan ya kawo mu inda gizo ke saƙar. Kalmar tana da 'yar'uwa ta jini, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda likitocin ƙwaƙwalwa suke amfani da ita: "perseveration". Ita kuma ba yabo ba ce, alamar ciwo ce. Tana nufin mutum ya yi ta maimaita magana ɗaya ko aiki ɗaya bayan dalilin yinsa ya wuce, ba don yana so ba, sai don ƙwaƙwalwar ta kasa sauya hanya. Ana ganinta ga waɗanda suka samu rauni a ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, ko masu ciwon mantuwa na tsufa. Akwai wani gwaji da aka ƙirƙiro a Jami'ar Wisconsin a 1948 da ke fito da ita fili. Za a ajiye wa mutum kati huɗu a gabansa, a miƙa masa wasu ya riƙa ɗora kowanne inda ya dace. Katunan sun bambanta ta launi, ta siffar zanen da ke jiki, da kuma yawan zanen. Ba za a gaya masa ƙa'ida ba, sai dai duk wanda ya ajiye a ce masa daidai ko kuskure. A hankali zai gano cewa launi ake bi, ja kan ja, kore kan kore, ana ta ce masa daidai. Can sai mai gwajin ya sauya ƙa'ida a ransa ba sanarwa, ya koma bin siffa. Mai lafiya zai yi kuskure sau ɗaya ko biyu, ya tsaya, ya ce af, an canza. Mai wannan lalurar zai ci gaba da ɗora ja kan ja, ana ce masa kuskure, kuskure, kuskure, wani ma da bakinsa zai faɗa cewa ya san ba daidai ba ne, amma hannunsa ya sake komawa can.

Daga nesa, shi da mai dagewa kamarsu ɗaya: dukkansu sun ƙi bari. Tun a ƙarni na 13 malamin Kirista Thomas Aquinas ya lura da haka, ya ajiye dagewa a tsakiyar aibi biyu, ragwanta a gefe guda, kafiya a ɗaya gefen. Hausa ma ta raba su da kyau, wataƙila fiye da Turanci. Muna da "himma" da "ƙwazo" na farkon aiki, muna da "dagewa" ta tsakiyarsa, sannan ga "naci" da ke tsaye a kan iyaka, yau yabo gobe zargi, ga kuma "kafiya" da "taurin kai" can ƙetare. Mai haƙar rijiya da ya tarar da dutse, ya koma ya wasa digarsa, ya canza kusurwa, ko ya matsa taku goma ya sake sara, ya dage. Wanda ya yi wata uku yana dukan wuri ɗaya da dakusasshen ƙarfe, yana cewa shi ba ya ja da baya, ya kafe ne kawai. Karin maganar nan ta mai haƙuri yakan dafa dutse ana yawan jawo ta a nan, amma ni ban taɓa ganin wanda ya sha romon ba tare da ya duba wutarsa ba.

A 'yan shekarun nan kalmar ta sake samun kasuwa ta hannun masana halayyar ɗan'adam. Angela Duckworth ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2007 a kan abin da suka kira "grit", wanda suka fassara da dagewa haɗe da shauƙin buri mai nisa. Sun duba, a cikin wasu, sababbin ɗaliban makarantar soja ta West Point a Amurka, don gane waɗanda za su iya kammala horon farko mai tsanani. Zancen ya karɓu ƙwarai a makarantu da kamfanoni. Daga baya wasu masana suka tattara binciken da aka yi a kai suka ce abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ya yi kama sosai da tsohuwar siffar da aka riga aka sani ta mutum mai kula da aikinsa. Nawa ƙorafin daban ne. In aji yana da yara ɗari da malami ɗaya, babu benci babu littafi, sai a rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a bango, to an sauke nauyin daga kan masu iko an ɗora wa yaro ke nan. Augustine aƙalla bai ce laifin wanda bai samu ba ne shi kaɗai.

Ga mai fassara, shawarata ita ce ya dubi abin da ke kewaye da kalmar kafin ya zaɓa. In zancen karatu ne ko sana'a ko bincike, "dagewa" ko "jajircewa". In rubutun addinin Kirista ne a kan imani, "dorewa" ko "tabbata har ƙarshe" sun fi dacewa, don a can ba ƙoƙarin mutum ake nufi ba. In ciwo ne ko talauci da mutum yake ɗauke da shi ba yadda zai yi, to marubucin da "endurance" ya kamata ya yi amfani, kai kuma ka sa "juriya". In kuwa ka ci karo da 'yar'uwar tata a takardar asibiti, kada ka kuskura ka rubuta wa dangin marar lafiya cewa ɗan'uwansu yana da jajircewa. Ka ce yana maimaita abu ɗaya ya kasa sauyawa, su san abin da za su tambayi likita.